Na yi wa kwastoma shiru kwana huɗu, yanzu ta bar ni. Yaya zan gyara?

Mai Atamfa, Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum warahmatullah. Don Allah shawara nake nema, musamman a wurin waɗanda suka riga ni shiga sana'ar sayar da kaya ta waya. Yau sati uku ke nan abin yana cin raina, ko barcin kirki ba na samu.

Atamfa da leshi da mayafai nake sayarwa daga gida. Na fara ne lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe kasuwanni a Kano, maigidana yana zaune ba fita. Turmi 5 na cikin lefena da ban ɗinka ba na shimfiɗa a kan gado, na ɗauki hotonsu na sa a sitatus, kafin sati ya zagayo sun ƙare. Alhamdu lillahi yanzu ina da guruf biyu a WhatsApp da shafi a Instagram, kuma duk sati sai na shiga Kantin Kwari sau biyu ko uku. Ba ni da shago, wayar nan ita ce shagona.

Akwai wata Hajiya a Kaduna da muka shekara biyu muna hulɗa. Ba mu taɓa ganin juna ido da ido ba, amma ta san sunan yarana duka, kuma da aka yi mata rasuwa na kira na yi mata gaisuwa. Ƙawayenta na wurin aiki mutum 6 ta kawo mini, duk sun zama masu saye. Watan jiya ta ce za a aurar da ƙanwarta, tana son anko turmi 14 na wata atamfa ruwan hanta mai zanen ganye da ta gani a sitatus ɗina. Ran Litinin ta turo kuɗin gaba ɗaya, ko taya ba ta yi ba. Na ce mata in sha Allah ran Laraba kaya za su hau mota.

Ran Talata na shiga kasuwa, sai na tarar turmi 9 kawai suka rage a wurin wanda nake sara. Ya ce kada in damu, dila tana kan hanya, Alhamis za ta sauka. Na zaga layi uku ban samu irinta ba. Na dawo gida da 9 ɗin.

To daga nan ne na yi kuskuren. Kunya ta hana ni faɗa mata. Na ce a raina kwana ɗaya ne tsakanin Laraba da Alhamis, bari in bari kayan su zo in aika gaba ɗaya, in ba ta haƙuri sau ɗaya. Laraba da rana ta turo saƙo: "An sa a mota?" Na buɗe, na karanta, ban amsa ba. Alhamis dila ba ta sauka ba. Ta kira ni ina tsaye a kicin ina tuƙa tuwo, ina ganin sunanta yana haske a kan wayar, na sa hannu na kife ta. Kuma duk wannan lokacin ina ci gaba da sa sababbin kaya a sitatus, don ba zan iya tsayar da kasuwa ba. Daren Juma'a wajen ƙarfe 11 ta rubuto: "Maman yara, lafiya dai ko? Na ga kina sa kaya." Wallahi har yanzu idan na tuna saƙon nan sai gabana ya faɗi. Shi ma ban amsa ba.

Asabar na koma kasuwa, na samu wata mai zane iri ɗaya sak, sai dai ƙasanta ya ɗan fi duhu. A ƙarƙashin ƙwan lantarki na shago ba ka bambance su, sai an fita rana. Na sayi 5 na cike, na sa su a ƙasan jaka, na kai tasha, sannan na rubuta mata cewa kaya sun taho, ga lambar direba, ta yi haƙuri wayata ce ta samu matsala. Ƙarya ce, wayata lafiyarta ƙalau.

Lahadi da safe ta turo saƙon murya, bai kai minti ɗaya ba. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta ga kayan, ta ga biyar ɗin da suka bambanta, kuma da na faɗa mata tun Talata da ta ce in aiko da 9, sauran mutum biyar su sa wani abu daban, don ba su ne dangi na kusa ba. Ta ce kwana huɗun nan ta yi su ne tana tunanin yadda za ta kalli yayyenta da suka ba ta kuɗinsu ta tura wa wadda ba su sani ba. Daga nan ta fita daga guruf. Cikin sati ɗaya uku daga ƙawayenta suka bi ta.

Tambayata kashi biyu ce. Na farko, in kira ta ne, ko in bari ta huce? In mayar mata da kuɗin biyar ɗin ne, alhali ba ta nema ba? Na biyu kuma, ku da kuka daɗe, yaya kuke yi da saƙonni? A rana nakan tarar da saƙo ya fi 70, rabi duk "nawa?" ne ba mai saye. Ga yara huɗu, ga girki, ga zuwa kasuwa. Ba neman uzuri nake ba, laifin na sani nawa ne. So nake in san tsarin da zan bi kada in sake.

Tsohon Ɗan Kwari

Wa alaikumus salam. 'Yata, na karanta bayaninki har ƙarshe, kuma abin da ya sa zan amsa shi ne ba ki ɓoye laifinki ba. Ni ba gwanin waya ba ne, yarona ne yake rubuta mini wannan ina faɗa masa. Amma shekara 34 nake a Kwari, tun ina ɗaukar wa maigidana dila a ka.

Abin da kuke kira kasuwancin intanet mu ma mun yi irinsa kafin a san intanet. Ina da mutane a Damagaram da Maraɗi da Anjamena da sukan yi wata shida ba su tako Kano ba. Da saƙon direba muke yi, daga baya waya ta zo. Mutum zai kira ya ce mene ne sabo, ni kuma in ɗauki turmi a hannu in kwatanta masa: launinsa kaza, yana da nauyi ko shara-shara ne, yana zuba ko ba ya zuba, matan wane gari ne suka fi ɗauka. A kan maganata zai aiko da kuɗin dila guda. Ki lura da wannan sosai. Wanda ya shigo shago yana da ido, yana da hannu. Zai murza atamfa tsakanin yatsunsa, ya ja ta bakin ƙofa ya duba a rana, wata ma har lasa take ta murza ta ga ko za ta zuba. Wanda yake nesa ba shi da ko ɗaya. Bakinki shi ne idonsa, shi ne hannunsa. Ranar da kika yi shiru kin bar shi a duhu da kuɗinsa a hannunki.

Rashin cikar kaya ba laifi ba ne. Ba a taɓa yin ɗan kasuwar da dila ba ta saɓa masa ba. Laifinki biyu ne: shirun, da biyar ɗin da kika sa a ƙasan jaka. Na biyun ya fi nauyi a wurin Allah. Kin san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya ce me ya sa ba ka sa shi a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Yana cikin Muslim. Da kin ɗora biyar ɗin a sama, kin ɗauki hotonsu kusa da taran a tsakar gida da rana kin tura mata, da ciniki ne halal ko ta karɓa ko ta ƙi.

A damunar 2022 da ruwa ya shiga Kwari, ni ma ya taɓa mini kaya. Wasu da suka bushe ba ka gane komai sai ka buɗe ninki na ciki ka ga layin ruwa. Na kira mutanena ɗaya bayan ɗaya na ce ga abin da ya faru, ga wanda ruwa ya taɓa, ga ragin da zan yi, wanda yake so ya ɗauka. Na yi asara, ba zan ɓoye miki ba. Amma duk wanda na kira a lokacin har yau yana saye a wurina.

Game da tambayarki: ki kira ta, kada ki rubuta. Kira da safe, bayan an karya. Ki gaishe ta yadda ya kamata, ki tambayi amarya, sannan ki faɗi gaskiya duka, har da maganar wayar da kika ce ta lalace, don ta riga ta san ba ta lalace ba. Kada ki sa sunan mai dila a cikin ban haƙurin, ba da shi ta yi ciniki ba. Kuɗin biyar ɗin kuma ki tura mata kafin ki kira, ba bayan kira ba. Idan kika tambaye ta "in mayar miki?" za ta ce a'a saboda kara, ke kuma ki samu hanyar riƙewa. Kuma kada ki kira da niyyar ta dawo. Ki kira don ki sauke haƙƙi. Dawowa na Allah ne.

Uwargida a Barnawa

Anti Mai Atamfa, sannu. Ni ba na sayar da komai, saye nake yi, kusan duk kayan jikina da na yarana ta waya na saye su, don aiki ba ya barina zuwa kasuwa. Bari in faɗa miki yadda abin yake daga ɓangarenmu, don na ga masu sayarwa da yawa ba su sani ba.

Daga lokacin da na danna turansfa, alat ya fita, hankalina ba ya kwanciya har sai kaya sun shigo hannuna. Ba don na raina mai kayan ba. Kusan kowace mace da na sani ko an taɓa damfararta ko ta san wadda aka damfara: shafi mai hotuna masu kyau, ki tura kuɗi, washegari a yi bulokin ɗinki. To duk mai sayarwar da ta yi shiru bayan ta karɓi kuɗi, a idonmu kamarta ɗaya da waɗancan, ko da shekara goma muka yi tare. Zuciya ba ta jiran hujja. Kuma abin da ya fi ciwo shi ne ki ga alamar shuɗi biyu a kan saƙonki, an karanta, sannan ki ga sabon sitatus minti goma da suka wuce. Wasu suna kashe alamar karantawa suna ganin dabara ce. Ba dabara ba ce, muna ganin kina onlayin.

Ina da wata da nake sayen takalman yara a wurinta, a Kano take ita ma. Kayanta ba su fi na kowa araha ba, wallahi wani lokacin sun fi tsada da ɗari biyar ko dubu. Amma ga yadda take yi. Idan na tura kuɗi za ta rubuto "na gani, Allah ya sa albarka". Idan ta ɗaure kaya za ta turo hoton ledar da sunana a jiki. A tasha za ta turo hoton motar da lambar direba, ta ce ya ce zai tashi ƙarfe kaza. Da yamma ta tambaya ko sun iso. Saƙo huɗu ke nan, duka ba su ci mata minti uku ba. Akwai ranar da motar ta lalace bayan Zariya, ita ta fara faɗa mini kafin in tambaya. Takalman sallah ne, ba su iso ba sai ran sallah da yamma, yaran sun je idi da tsofaffi. Ban ji haushinta ba ko kaɗan, don kowace awa na san inda kayan suke.

Wani abu kuma da zai rage miki saƙon "nawa?" ɗin nan: ki rubuta farashi a jikin hoto. Ban san wanda ya koya wa masu sayarwa "ki shigo ta ciki mu yi magana" ba. Mu dai abin da muke fahimta shi ne za a duba hotona a yanka mini farashi daidai da mayafin da na yafa. Sau da yawa ina son abu, amma ganin ba farashi sai in wuce, don ba na son in tambaya in ji ya fi ƙarfina in rasa yadda zan janye. Ki sa kuɗi, ki sa yadi nawa ne, ki faɗi kuɗin mota a kan wa yake. Kuma hoto ki ɗauka a hasken rana ba tare da gyara launi ba. Na taɓa sayen leshi ruwan hoda a hoto, da ya zo ruwan goro ne. Na ajiye shi, ban yi rigima ba, amma ban sake saye a wurin ba, kuma mai shi har yau ba ta san dalili ba. Yawancinmu haka muke tafiya, ba sallama. Ke ma ki gode wa Hajiyar nan da ta tsaya ta faɗa miki.

Mai Turaren Wuta

Ni dai gaskiya ina ganin ana yi wa masu sayarwa rashin adalci a maganar nan. Mu ma mutane ne. Akwai kwastomar da za ta kira ki ƙarfe 1 na dare a kan kwalbar humra ɗaya. Akwai wadda za ta sa ki ɗauki hoto kala 20, ki yi bidiyo, ki ƙona data, ta ce "zan yi shawara" ta ɓace. Akwai masu turo alat na bogi, ni an yi mini sau biyu. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 turansfa takan maƙale kwana biyu, mai saye tana rantsuwa ta tura, ni ban gani ba, kuma ni ce mara mutunci idan na ƙi sakin kaya. Anti ta yi kuskure, ta amsa, amma kada a sa ta ji kamar dole ta zama baiwar waya. Ki sa wa kanki lokacin buɗewa da na rufewa, shagon kasuwa ma ana rufe shi da magariba.

'Yar Gusau

Mai Turaren Wuta, maganarki gaskiya ce, kuma ba ta ci karo da ta Baba ba. Lokacin rufewa haƙƙinki ne, amma a sanar da mutane shi. Bambancin ke nan tsakanin rufe shago da ɓuya a cikinsa.

Anti Mai Atamfa, ni zannuwan gado da labule nake sayarwa. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Mun wayi gari ba kira, ba data, ba turansfa. A lokacin akwai kuɗin mutum 11 a hannuna, na Sakkwato da Abuja da Kaduna, ban aika musu kaya ba. Ki duba, nan shirun ba nawa ba ne, amma su ina za su sani? Kwana biyu na yi ina juyi. Rana ta uku na zauna na kwafe lambobinsu da abin da kowa ya saya a takarda, na ba ƙanena da zai fita jihar. Da ya isa inda ake samun sabis ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya ce ga halin da ake ciki, kayanku suna nan, duk wadda take son kuɗinta a mayar mata. Mutum biyu suka karɓi kuɗinsu, tara suka ce a aiko duk ranar da aka samu hanya. Tun daga lokacin nake da littafi. Duk oda sai ta shiga littafi da biro: suna, gari, kaya, ranar biya, ranar da na yi alkawari. Waya tana iya faɗawa ruwa, littafi yana nan.

Ga tsarin da nake bi, ki ɗauki abin da zai yi miki.

Ki koma WhatsApp Business idan ba ki koma ba, kyauta ne, kuma gara ki ware masa layi daban da na 'yan'uwa. Akwai wurin katalog da za ki jera kaya da farashi, mai tambayar "nawa?" ki tura mata ta duba da kanta. Akwai saƙon da yake fita da kansa idan an yi miki magana bayan kin rufe. Nawa yana cewa na tashi daga aiki, ina amsa saƙo daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1, da kuma bayan la'asar zuwa isha. Akwai amsoshin da za ki ajiye, kamar lambar asusu da bayanin kuɗin mota, ki danna su fito ba sai kin sake rubutawa ba. Amma wanda ya fi yi mini amfani shi ne alamar launi da ake sa wa hira. Duk wadda ta biya kuɗi ina sa mata ja. Da na ɗauki waya, jajayen nake fara dubawa kafin kowa. A cikin saƙo 70 ɗinki, mai yiwuwa biyar ne kawai kuɗinsu yake hannunki. Sauran 65 za su iya jira ki gama tuwo. Biyar ɗin nan ba za su kwana ba amsa ba, ko da amsar ita ce "har yanzu ban samu ba, gobe da azahar zan sake faɗa miki inda aka tsaya".

Sai abu na biyu, kuma shi ne tushen matsalarki a ganina: kin karɓi kuɗin turmi 14 ba ki tabbatar akwai 14 ba. Mu da ba mu da sito, hoton da yake sitatus ɗinmu na kayan wani ne, kuma mutum goma suna sara a wurinsa. Idan oda ta wuce guda uku, musamman anko, ina cewa a dakata da turo kuɗi in kira kasuwa tukuna. In an ce akwai, in ce a ware mini, sannan in ce ta turo. Kuma ranar da nake faɗa wa kwastoma kullum ina ƙara kwana ɗaya a kan wadda nake sa rai. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 motoci ba sa cika da wuri kamar da, direba zai ce yanzu zai tashi ya kai la'asar yana jiran fasinja. Idan na ce Juma'a kaya suka isa Alhamis, ta ji daɗi. Idan na ce Laraba suka isa Alhamis, na zama mai saɓa alkawari, alhali ranar ɗaya ce.

Mummunan labari kuma da saƙon murya nake faɗarsa, ba da rubutu ba. Da yawa cikin masu sayen kayana manyan mata ne da karatun boko bai zauna musu ba, kuma ko mai karatun, rubutu ba ya ɗaukar sautin ban haƙuri. "Babu" a rubuce tana da kaifi. In ta ji muryarki kina cewa Hajiya wallahi na zaga ban samu ba, ga abin da na gani, me kike so a yi, sai ta ji kuna ɓangare ɗaya.

Mai Atamfa, Rijiyar Zaki

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Na karanta maganarka sau uku, na kuma karanta wa maigidana. Wurin da ka ce a ƙasan jaka na sa su, nan ne na yi kuka, don ni kaina ban tsaya na tambayi kaina dalilin da ya sa hannuna ya kai su ƙasa ba.

Jiya da daddare na tura mata kuɗin turmi biyar ɗin. Sai da na taɓa jarin sarin wannan satin, amma ba komai. Yau da safe wajen ƙarfe 10, bayan yara sun tafi makaranta, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na kira. Sai da ta kusa katsewa ta ɗauka. Na gaishe ta, na tambayi amarya, ta ce an kai ta lafiya. Na faɗa mata komai tun daga Talata, har kife wayar da na yi a kicin, har ƙaryar lalacewar waya. Ta yi shiru na ɗan lokaci, ina jin ƙarar fanka a ɗakinta. Sannan ta ce ta ga kuɗin, kuma an riga an ɗinka biyar ɗin an sa, a hotunan biki ma ba a gane bambancin sosai, don haka ba za ta riƙe kuɗi da kaya duka ba, za ta dawo mini da rabi. Na roƙe ta ta bari, ta ce a'a. Ta ce ta yafe. Ba ta ce za ta dawo guruf ba, ni ma ban tambaya ba.

Wani abu da ta faɗa wanda ban sani ba: a daren Juma'ar nan da ta rubuto mini, babbar yayarsu ta kira ta ta ce in kuɗin sun salwanta ta faɗa tun da wuri a san abin yi, ita kuma ta ce ta yarda da ni kamar 'yar'uwarta. Ashe lokacin da nake kallon saƙonta ina ƙin amsawa, ita tana can tana kare ni.

Mai Turaren Wuta, na ji maganarki, kuma na sa lokaci. 'Yar Gusau, na sayi littafi mai bango mai ƙarfi a shagon bakin layinmu, na rubuta oda 4 da suke hannuna yanzu. Ɗaya daga ciki mayafai ne na wata a Bauchi da na ce mata gobe, kuma na san goben ba za ta yiwu ba don mai kawo mini bai dawo daga tafiya ba. Na tura mata saƙon murya tun kafin azahar, ta ce ba damuwa, Litinin ma ta yi. Uwargida, na fara sa farashi a jikin hoto tun jiya. Wata da muke sana'a ɗaya ta kira ni ta ce zan ɓata kasuwa, masu sara a wuri ɗaya da ni za su riƙa karya farashina da ɗari biyu. Wannan ɗin ban san yadda zan yi da shi ba tukuna. Duk wadda ta daɗe tana sa farashi a fili, don Allah ta faɗa mini yadda take fama da masu karya mata.